Tsakanin Tarakta da Injin Ɗauri

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa tarakta a Kano, ban taɓa haɗa mata shaf da hannuna ba. Sai da muka je ƙasar Libiya wannan ya zama abin magana.

Ga wanda bai san aikin ba, a bayan tarakta akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora shida da yake juyawa, kanikawa suna ce masa fitiyo. Shi yake ba injin yanka ko na casa ƙarfi. Abin da yake haɗa shi da injin wata doguwar sandar ƙarfe ce mai nauyi, ita ce shaf. Sai mutum ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin tarakta da inji, ya ɗaga ta, ya daidaita haƙoranta da na fitiyo, ya tura har ta kulle. A garejinmu na Tarauni, wana Yaya Habu ne yake yin wannan. Ni ina kan kujera, sai na ji ya bubbuga murfin taya sau biyu in tayar da mota. Duk ranar da na ce bari in gwada, sai ya ce in koma kujerata, Inna 'ya'ya maza biyu gare ta, ba za a same su duka a wannan lungu ba.

A shekarar da soja suka yarda za su sauka, mai garejinmu ya shiga siyasa, ya sayar da taraktocinsa uku ya buga fastocin yaƙin neman zaɓe. Muka zauna wata huɗu a gida, Gyaɗi-Gyaɗi, muna kallon juna. Daga nan muka kama hanyar arewa.

A Agadas muka yi kwana tara muna jiran babbar mota. Wani mutum ya ji Hausarmu ya matso, ya ce shi ɗan Hotoro ne, har ya lissafo mana masallatai da masu shayin da muka sani. Ya rubuta mana takarda zuwa wajen wani ƙaninsa a garin Sabha, can cikin Libiya, ya kuma sayar mana da jarkokin ruwa biyu naɗe da buhu. Sai da muka yi nisa cikin sahara muka gane ɗaya tana warin maganin feshi. Yaya ya ja ta gabansa, ya ce shi mura yake yi, ba ya jin komai. Kwana biyar daga ita ya sha. Ba zan ce ita ce sanadin ciwon da ya kama shi ba. Daga baya na tambayi ƙanwarmu Rabi, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta ce Allah kaɗai ya sani. Amma har yau ba na iya wuce jarka mai buhu ban kawar da kai ba.

A Dirku muka ji an rantsar da gwamnatin farar hula a gida Najeriya, a wata ƙaramar rediyo da mutum kusan talatin suka kewaye. Wasu suka yi tafi. Yaya ya ce to, yanzu Alhaji mai gareji zai dawo mana da taraktocinmu da ƙuri'a. Na yi dariya, shi kuwa ya dafe ƙugu ya koma inuwar mota ya kwanta. Ya ce zaman mota ne.

A Sabha babu wanda ya taɓa jin sunan ƙanin mutumin nan. Wasu 'yan Damagaram suka ba mu wurin shimfiɗa a wani kango, suka koya mana tsayuwar bakin titi da safe, inda masu neman ma'aikata suke tsayawa da mota. A kwana na shida wani Bamisire ya tsaya, shi ne mai kula da wata gona can kudu, kowa yana ce masa Rayis. Direba ɗaya yake nema. Yaya ya haɗa 'yar larabcinsa ta makarantar allo da alamar hannu, ya nuna masa cewa direba da bakanike ne mu, ba a raba mu. Rayis ya dube mu sama da ƙasa, ya ce mu hau.

Gonar tafiyar rabin yini ce daga gari. Da'ira-da'ira ce ta koriyar ciyawar dabbobi a tsakiyar rairayi, wani dogon bututu mai taya yana zagayawa yana yayyafa mata ruwa. Bayan ita babu komai, ko bishiya. Aka ba mu ɗaki na bulo mai rufin kwano, da katifa biyu. Dokar wurin ɗaya ce, kuma tun ranar farko aka faɗa mana. Duk Alhamis babbar mota tana zuwa ɗaukar ciyawa, wanda ba ya iya aiki ita zai bi, a sauke shi a bakin titi a Sabha. Ba mu da takardar zama. Mara lafiya mara takarda, ko dai a kama shi a kulle, ko ya kwanta a gindin bango. A Alhamis ɗinmu ta farko mun ga an ɗora wani ɗan Mali a kan ciyawa, yana riƙe da ledar kayansa.

Kwana huɗun farko yanka kawai muka yi, kuma mun tarar da injin yankan a haɗe. Yaya ya canja mai, ya wanke matatar iska, ya ɗaure abin da ya kwance. A rana ta biyar ya tashi zai sa takalmi, ƙafa ta ƙi shiga. Ta kumbura har ƙauri, fuskar ma ta tasa. Ya miƙe, jiri ya mayar da shi kan katifa. A ranar ce kuma ciyawa ta bushe, aka ce a cire injin yanka a haɗa na ɗauri. Daga ranar kullum sau biyu za a riƙa canjawa, yanka da safe, ɗauri da yamma.

Rayis yawanci yana can ɗakin famfo a ɗaya gefen gonar, sau biyu yake zagayowa da motarsa. Muka yi shawara in riƙa yin aikin mutum biyu, idan ya tambaya in ce bakanike yana sito. Yaya ya kwatanta mini daga kwance. Ya ce akwai ɗan maɓalli a kan shaf, in danna da babban yatsa, in juya fitiyo da ɗaya hannun har haƙora su haɗu, in tura. Ya ce in sa giris sosai.

Na je na duba, babu maɓalli. Wannan tarakta ba irin tsofaffinmu na Tarauni ba ce. Na kama fitiyo zan juya, ko motsi bai yi ba. Shaf ɗin kuwa nauyinta ya kai na ƙaramin buhun gero, ga lungun ba ya ɗaukar mutum a tsaye, sai a durƙushe, kafaɗa tana gugar taya. In na ɗaga ta sai ta zame, in na daidaita sai hannu ya gaji. Sai kusan la'asar na gano wani zobe ne ake ja baya, kuma ja da turawa a lokaci ɗaya ake yi, ga ɗaukar nauyi. Hannu uku aikin yake so. Da ƙyar ta shiga a ranar. Na koma ɗaki gaɓoɓin yatsuna duk sun ɗaye. Yaya ya kama hannun ya juya shi, ya ce ashe sarkin kujera yana da jini.

Akwai wani dattijo ɗan Cadi mai kiwon tumakin gonar, Baba Idrisa. Ya taɓa zama a Fagge yana saurayi, Hausarsa ta tsufa amma tana nan. Shi ya fara gane abin da muke ciki, don ɗakinsa yana jikin namu. Bai tambaye mu komai ba. Kullum da safe sai mu tarar da kwanon nonon akuya a bakin ƙofa, idan na tafi gona kuma ya shiga ya zauna da Yaya, yana tambayarsa ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata.

Ni kuwa kullum abin ƙara wuya yake. Na ɗauka giris ne ya yi kaɗan, sai in ƙara lafta shi kamar yadda na ga ana yi a gida. Shaf ta riƙa tsayawa a rabi. Na fara sa katako a bayanta ina dukan sa da guduma. Aikin da Yaya yake gamawa kafin in gyara zama, ni sai in shafe sa'a guda. Rayis ya fara duba agogo idan ya wuce. Sau biyu ya tambayi bakanike, na nuna masa sito.

Ranar wata Laraba da yamma, wajen haɗa injin ɗauri, na tura shaf har na ga kamar ta kai. Ban ji ƙarar kullewa ba, amma na hango ƙurar motar Rayis, sai na hau na tayar. Ban yi taku hamsin ba na ji wani irin duka a bayana. Shaf ta fice tana juyawa, ta fyaɗi ƙarfen jan injin, ta farfasa robar da ke rufe ta. Da akwai mutum a kusa da ba a ɗauke shi da rai ba. Rayis ya iso ya sauko, ya zagaya injin bai yi faɗa ba. Ya ce gobe da safe, kafin motar ciyawa ta tashi, yana so ya ga bakanike ya haɗa wannan abu a gabansa. Ya maimaita kalmar gobe har sau biyu don ya tabbata na gane.

Na tarar da Yaya a jingine da bango. Da na faɗa masa sai ya ce a bar shi ya bi motar, ni in zauna, ba dalili a kore mu duka. Na ce ba zai bi ba. Ya ce ni ne babba ko shi. Na ce shi ne, amma ba zai bi ba. Can ya ce yana ta tunanin gida. Ya ce ka san daga ƙofar gidanmu zuwa asibitin koyarwa, ko tsohuwa ba ta minti goma sha biyar. Shekara da shekaru yana jin haushin jiniyar motar asibiti tana hana shi barcin rana, yau da zai ji ta da ya ji daɗi. Ya tuna Rabi tana dawowa daga aiki da farin kaya, tana tsayawa ta ƙwace masa ƙosai a hannu ta ce mai ya yi yawa. Ya tuna kunun tsamiyar Inna. Ya tambaye ni ko ina ganin an yi ruwan shuka a Kano. Na ce ai yanzu gero ya kai gwiwa. Ya ce to wa yake yi wa mutanen Ƙauyen Alu huɗa bana.

Da muka idar da sallar asuba ya ce in kawo wuƙa. Ya tsaga takalmansa ta sama har ƙafar ta shiga. Muka sa masa rigar aiki, ni da Baba Idrisa muka riƙe shi ta kowane gefe. Tsakanin ɗaki da inda tarakta take bai fi tsawon filin ƙwallo ba, sau huɗu muka tsaya. Muka kifa bokiti kusa da taya ya zauna, ya jingina.

Ya miƙa hannu ya shafo fitiyo, ya murza abin da ya taɓo tsakanin yatsunsa.

"Nasiru, wannan giris ne ko kwaɓin siminti?"

"Kai ka ce in sa sosai, Yaya."

"Na ce ka sa. A Tarauni na saba, inda ruwa yake sa tsatsa. Nan ina ruwan? Yashi kake tara mata kullum kana dannawa da guduma. Laifina ne, ban fito na gani ba."

Ya sa na kawo dizal da tsumma da guntun waya. Na bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya ina sakace su, na fitiyo da na cikin shaf, baƙin yashi yana zuba. Ya sa na goge da zarto inda dukana ya lanƙwasa baki. Ya ce kada in sake sa komai sai ɗigon mai, in share, kuma duk lokacin da na cire shaf in kifa wa fitiyo gwangwanin tumatir. Da na ce masa fitiyon ba ya juyuwa, ya dube ni yadda yake dubana muna yara. Ya ce in wannan ya ƙi juyawa, wancan gefen fa. Ya nuna babban faifan ƙarfen da ke gaban injin ɗauri. Taɓa shi kaɗan, shaf ɗin da kanta za ta juyo. Sannan ya ce in rataye ta da igiya daga sama, igiya ta ɗauki nauyi, hannuna biyu su zama nawa.

Muna cikin haka motar Rayis ta tsaya. Yaya ya gyara zama, ya ɗaga murya, ya ce masa da larabcinsa yana koya wa yaronsa ne, don jiya ya yi ɓarna. Rayis ya harɗe hannu ya tsaya.

Komai ya kammala, saura shiga lungu. Na ga Yaya ya dafa taya kamar zai tashi. Ya gwada, jikin bai ba shi ba. Ya daɗe yana kallon wurin nan, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Makullin yana ina?"

Na ce yana aljihuna.

"Ba ni shi." Na ba shi, ya damƙe a hannunsa. "To shiga. Tattare rigarka. Bismillah."

Na durƙusa. Na taɓa faifan, haƙora suka fuskanci juna. Na ja zoben, na tura, ta tafi sumul kamar ba ita ba, na ji ƙas. Ya ce in ja ta baya da ƙarfina in gani. Na ja, ba ta motsa ba. Ya bubbuga murfin taya sau biyu.

Rayis bai kalli shaf ɗin ba. Takalman Yaya yake kallo, da naman ƙafar da ya bultso ta inda aka tsaga. Ya ɗago ya kalli fuskarsa, ya kalli Baba Idrisa da ya ƙi tafiya wajen tumakinsa. Ina durƙushe a lungun ina jiran ya yi magana. Can ya ce wa Yaya ya ci gaba da koya wa yaron da kyau, ya shiga motarsa. Da hantsi motar ciyawa ta tashi, muna jin ƙararta har ta ɓace.

Daga ranar bai sake tambayar bakanike ba. Alhamis ta gaba ya ajiye mana ledar magunguna a bakin ƙofa. Na same shi a ɗakin famfo na roƙe shi ya kai Yaya wajen likita. Ya ce akwai shingen 'yan sanda biyu a hanya, mara takarda ba zai wuce ba, shi ma da zai ɗauke shi ba zai dawo ba. Ban san ko gaskiya ya faɗa mini duka ba. Akwai ranakun da nake cewa da na bar Yaya ya bi motar, wataƙila da wani ya tsince shi ya kai shi asibiti. Nakan bi wannan tunani har ƙarshensa, sannan in yi istigfari.

Kullum idan na dawo sai Yaya ya tambaye ni minti nawa na ɗauka wajen haɗa shaf. Na ce goma, ya ce kasala. Na ce biyar, ya ce da saura. Ranar da na ce masa kafin Baba Idrisa ya gama kora tumaki ta ƙofa na gama, ya yi murmushi ya ce idan mun koma shi zai hau kujera. Nonon ma ya daina sha, sai dai a jiƙa masa leɓe.

Kwana ashirin da uku bayan waccan safiya, na dawo hutun rana na tarar numfashinsa ya canja. Baba Idrisa ya matsa ya ba ni wuri. Na ɗora kansa a cinyata ina faɗa masa kalmar shahada, yana bina a hankali. Tsakanin azahar da la'asar ya cika. Mu bakwai muka yi masa sallah, Rayis ne ya ja mu. Muka binne shi a bayan da'ira ta uku, inda ruwan bututu ba ya kaiwa, muka jera duwatsu. Washegari na haɗa injin yanka na fita, don ciyawa ta isa yanka.

Wata bakwai na ƙara a gonar kafin in samu hanyar dawowa. Saƙon rasuwar ya riga ni, ta hannun wani ɗan Unguwar Gano da ya zo wucewa. Na sauka a Gyaɗi-Gyaɗi da rana tsaka, na tarar fastoci sun koɗe a jikin bango, mai ƙosan layinmu tana inda take. Rabi ta gan ni ta shige ɗaki. Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambaye ni hanya. Na shirya maganganu da yawa tun daga Agadas, amma kafin in fara ta riga ni. Ta ture farantin gefe.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Wanda ya kawo saƙo bai sani ba. A hanya ya rasu, ko a ɗaki?"

"A ɗaki, Inna. A kan katifa. Kansa yana cinyata."

Ta daɗe tana kallon hannuna da na dafa ƙasa da su. Sannan ta ce alhamdulillahi, ta ɗaga murya ta ce wa Rabi ta fito ta ɗora mini ruwan wanka.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sanyaya masa makwancinsa a can inda ba ni da halin zuwa.